Taɓaryar da Muka Kafa wa Toka

Ranar wata Asabar, mako guda bayan Babbar Sallah, ina ajin firamare na uku, Hajiya mai gidan da muke haya a unguwar Maamobi ta fito tsakar gida riƙe da kyanwata Toka a wuya. Ina duƙe bakin famfo ina wanke robobin kokon Mma, mahaifiyata, sai na ga Toka tana lilo a hannunta. Laifinta shi ne ta karce hannun sabuwar kujerar da ɗan Hajiya ya aiko daga Jamus. "Wannan mage naku, in ya ƙara, buhu ne," ta ce, ta yar da ita. Duk yaron lungunmu ya san inda buhu yake zuwa. Akwai wani mutum can tsallaken babbar kwata da ke karɓar kyanwoyi, kuma ba kiwonsu yake yi ba. Sai da robar ta suɓuce daga hannuna.

Daga ranar barci ya ƙaurace mini. A makaranta ina rubutu ina tunanin farcen Toka, in an tashi kuwa da gudu nake ratsa lungu, ina tsallake ruwan wanki, har sai na gan ta kwance gefen murhu. Anti Rabi, ƙanwar Mma mai aikatau gidan wasu Turawa wajen unguwar Kanda, ta ce ai a kanti ake sayen wani itace da aka naɗe da igiya, mage ta yi ta kartarsa, har da wurin zama a sama. Na roƙi Mma har da hawaye. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tatar gasara. Kakata ce ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "A saya wa mage kujera, ni ina zaune kan benci?"

Amma ita ɗin ce ta ji tausayina. Ta jawo tsohuwar taɓaryarmu da ta tsage, muka dasa ta cikin gwangwanin fenti da ragowar siminti, muka naɗe ta da igiyar ragon layya, aka buga mata guntun katako a ka. Toka ta shinshina, ta ji warin rago, ta juya abinta. Ganin haka Kaka ta ɗauko kobi, kifin nan mai gishiri da muke sa wa miya, ta goge igiyar da shi tas. Nan take Toka ta hau karta, ta ɗare saman katakon tana hamma. Ranar har rawa na yi.

Ashe warin kobi bai tsaya gidanmu ba. Kafin mako ya zagayo, kyanwoyin unguwa sun gano hanya ta kan rufin kwano, farare da baƙaƙe da wani jan muzuru mai kunne ɗaya. Ranar da Hajiya ta tafi suna unguwar Alajo ta bar tagarta a buɗe, da idona na ga muzurun nan yana fitowa ta tagar, auduga maƙale a farcensa. Toka tana kan cinyata a lokacin, amma da Hajiya ta dawo ta ga kujerarta a yage, sai ta ce Toka ce. Na rantse, na yi kuka, Kaka ta ba da haƙuri, Mma kuwa ba ta tsaya mini ba, domin ɗakin da muke kwana ba namu ba ne. Washegari na ƙi zuwa makaranta, aka kora ni da tsintsiya. Da na dawo na tarar da taɓarya a tsaye, saman katako babu kowa. Na daɗe ina toshe kunne in zan wuce bakin kwatar nan.

Yau 'ya'yana suna da tasu kyanwar, kuma da suka ce mu haɗa mata abin karta da hannunmu, sai na ce a'a, na shiga kanti na sayo. Yana nan a falo, fes, ba ya warin komai, ƙofar gidan kuma tawa ce. Suna ce mini Mama ta cika tsoro. Ban taɓa musa musu ba.