Tocilar Yaya a Zauren Surukin Wani

Ni dai Allah bai ba ni bakin cewa a'a ba, kuma na sha wuyar wannan hali har na gaji. A zamanin Turawa kafinta ne ni a aikin hanya, muna gyaran gada da kwalbati tsakanin Gaya da Ajingi. Akwatin kayan aikina kuwa ya zama rijiyar unguwa, kowa ya zo da gugansa. Zarto ya fita da haƙoransa cif, ya dawo da giɓi. Guduma ta dawo ba ƙota, a ce mini wai dama tana girgiɗi. Gizagona ya taɓa yin damina guda a Kademi, da na je karɓa sai aka leƙo aka ce in dawo jibi, ba su gama da shi ba. Na ce to. Kullum maganata ke nan, to.

Abu ɗaya tak na hana aro, ita ce tocila. Ta yayana ce. Shi ya je aikin soja, ya dawo bayan yaƙi a rame yana tari, bai cika damina biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Bargonsa aka yi sadaka da shi, takalmansa ba su shiga ƙafar kowa ba, sai tocilar ta rage. Doguwa ce, ta farin ƙarfe, mai cin batir uku, kuma a gindinta ya karce layi uku da ƙusa don kada ta ɓace masa a bariki. A lokacin, masu tocila a unguwarmu ba su da yawa.

Yaya ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko ranar da aka fita da shi ba wanda ya ga hawayenta. Amma duk Juma'a in na dawo daga masallaci sai in tarar ta wanke hannu ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta.

"Ɗauko mini fitilar mutumin nan," haka take cewa.

Ba ta kunna ta. Sai ta ɗora a cinya, ta shafa, ta goge da bakin zane, ta miƙo mini in mayar. Iyakar makokin da kunya ta bar mata ke nan.

Akwai wani birkila a ƙungiyarmu, Babarbare, shekara da shekaru muna cin tuwo a akushi ɗaya a bakin aiki. Da yake Inna Bafulatana ce, tsokana ba ta ƙarewa tsakaninmu. Ran nan da kaka ya same ni ina fiƙe turaku, ya ce maciji ya shiga rumbun surukinsa a Ajingi, ciki duhu, ba mai yarda ya zura hannu. Yana son tocila, kwana ɗaya.

Na ce, "Ɗauki zarto, ɗauki awartaki, ɗauki akwatin gaba ɗaya. Ban da wannan."

Ya ce, "Haba Bafillace! Rowar nono mun sani, yanzu har da ta haske? In macijin nan ya sari tsoho, kai za a tambaya ranar gobe."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Da yamma na naɗe ta a tsumma na ba shi, ina ta jaddada masa kwana ɗaya. Tun kafin ya sha kwana da kekensa na san na yi wauta.

Kwana ɗaya ya zama mako. Yau ya manta, gobe tana gida, jibi ya fito da sauri. Daga nan sai ya daina zuwa wajen akushi, ya roƙi helma, shugaban aikinmu, ya mai da shi can ƙarshen aiki, inda ba ma haɗuwa. Juma'a ta zo, Inna ta wanke hannu. Na ce mata batir ne ya ƙare, na ba wani ya tafi da ita Kano a gwada sabo. Juma'a uku ina yi wa mahaifiyata ƙarya, ni da furfura ta fara fito mini. Wannan ya fi ɓatan tocilar ci mini rai.

A ƙarshe na ritsa birkila a gindin wani kwalbati, yana dama siminti. Na ce yau sai ya faɗa mini, ko faɗuwa ta yi a rijiya in sani. Ya ajiye cebur, ya zauna a ƙasa, ya ce ba ta faɗa ko'ina ba. Sun haska, sun kashe macijin. Sai surukin nasa ya karɓi tocilar yana jujjuyawa, ya ce, "Kai, wannan fitila da kyau take." Shi kuma bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "Ai taka ce, Baba."

To, wa bai san wannan magana ba? A yaba rigarka, ka ce ai taka ce, mai yabo ya ce a'a, a jikinka ta fi kyau, a rabu lafiya. Amma daga bakin mijin 'yarka ba wasa ba ne. Tsoho ya ɗauka da gaske. Ya ɗaga hannu ya yi ta sa albarka, ya kira mutanen gida su gani, washegari ya nuna wa sa'o'insa a ƙofar masallaci, ga abin da mijin 'yarsa ya kawo masa.

"Ka faɗa mini," in ji birkila, "da wane baki zan koma in ce ta aro ce? Wallahi gara ƙasa ta tsage in shige."

Na zage shi, ba zan ɓoye ba. Na ce ya yi kyauta da akuyar wani, yana karɓar godiya. Ya ce zai nemo mini sabuwa a kanti. Na ce, "Sabuwar, yayana ya taɓa riƙe ta?" Na juya na bar shi a nan zaune. Na koma bakin aikina, na yi ta buga ƙusa a inda ba ta da amfani.

Bayan kamar wata biyu, ni kuwa ina ta jan Inna da ƙaryar Kano, sai ga shi a ƙofar gidana, yana sosa ƙeya. Wai tocila ta daina kamawa, tsoho ya damu, ya ce a nemo wanda ya iya gyara. Nan take dabara ta zo mini, har na ji daɗin wayona. Na ce a raina, abin da ya fitar da ita shi zai dawo da ita. In gyara, in yaba, dattijo mai kunya ya ce ai taka ce, ni kuma in ce na gode, in sa a aljihu. Ba wanda asirinsa zai tonu.

Muka tafi ranar kasuwar Ajingi, kowa a kan kekensa. Surukin nasa dattijon malami ne, ɗan siriri, idonsa ya fara rauni. Zaurensa ko da rana tsaka duhu ne, ga littattafai jibge a kan buzu. Ya ce da tocilar yake duba ƙananan rubutun gefen shafi, waɗanda ya yi shekaru bai iya gani ba. Har kube ya sa baduku ya ɗinka mata, na jar fata, da igiyar ratayawa. Ni ban taɓa yi mata haka ba.

Na kwance gindinta. Batir ne ya narke a ciki ya yi tsatsa. Na kankare da bakin wuƙa, na goge, na zuba sababbin da na ajiye tun tuni dominta. Babban yatsana yana kan layukan nan uku. Na danna, haske ya bugi azara. Tsoho ya yi kabbara kamar an yi masa haihuwa.

Na share murya na ce, "Kai, Malam, wannan fitila da kyau take."

Ya kalle ni, sannan ya yi murmushi.

"Ɗana, na ga idonka a kanta tun da ka shigo. Da da kuɗina na saya, wallahi da ba ka fita zauren nan ba sai da ita. Amma kyautar suruki ce. In na bayar, na ce ban gode ba ke nan, na kuma ci mutuncin yaron nan." Ya nuna birkila.

Magana ɗaya ce ta rage a bakina, gajeruwa, kuma gaskiya ce: in ce ta yayana ce, aro na bayar. Na waiga. Birkila ya durƙusa a bakin ƙofa, hula a hannu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Daga cikin gida aka miƙo mana ƙwaryar fura. Na dubi littafin da ke buɗe a gaban tsoho. Sai na haɗiye maganar. Na mayar da tocilar cikin kubenta, na miƙa masa da hannu biyu. Ya ba ni goro, ya yi mini addu'a mai tsawo, ina ta cewa amin.

Da Juma'a ta zo na tsuguna gaban Inna na faɗa mata komai, har da ƙaryar Kano. Da na gama sai ta tambaye ni:

"Karatu yake yi da ita?"

Na ce, "E, Inna."

Ta ce, "To."

Ba ta sake tambayata ba har ta bar duniya. Amma duk Juma'a in na dawo daga masallaci sai in tarar ta wanke hannu ta zauna a bakin ƙofa kamar da, hannayen a kan cinya. Sai in gaishe ta daga nesa, in wuce ɗakina.