Ranar da Na Yi wa Kwamitin Doka Jawabi Daga Kicin

Lokacin da na fara sayar da zoɓo a New York, samun zoɓon bai taɓa ba ni wahala ba, sa hannu ne ya gallabe ni. Ina aikin jinya a wani asibiti a Bronx, yayata kuma tana gida tana saro busasshen zoɓo daga hannun manoma tana turo mini. Wani mai shagon shayi a nan ya ɗanɗana, ya ce yana so a kai a kai, amma sai da yarjejeniya a rubuce, mu ukun mu sa hannu. A nan mutum kan ja yatsa a fuskar waya, magana ta ƙare. Can gida kuwa lauyan yayata ya ce ba shi da tabbacin kotu za ta karɓi irin wannan idan rigima ta tashi. A kawo takarda, a kawo biro.

Haka na koma sintiri a filin jirgin sama na JFK. Duk ranar da jirgin gida zai tashi, sai in tsaya kusa da layin awon kaya da ambulan a hannu, ina leƙen fuskoki ina neman mai kama da amana da zai kai wa yayata ita. Wasu su karɓa, wasu su ja da baya kamar na miƙo musu maciji, kuma ban ga laifinsu ba.

Wata rana yayata ta kira ni, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar na gane cewa an kafa kwamitin gyara dokokin ciniki ta intanet, suna son jin bakin 'yan kasuwar da ke waje ta bidiyo, lauyan nan kuma ya ba da sunana. Ni! Ban san lokacin da na sauka bene ba takalmi na buga ƙofar maƙwabciyata ba. 'Yar Nijar ce, ta girme ni, tana da shagon atamfa a titin Grand Concourse. Ta saurare ni, ta rangaɗa guɗa a cikin baranda har wani tsoho ya leƙo, sannan ta ce daga yau al'amarin ya dawo hannunta.

Kwanakin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. A jirgin ƙasa na layin D sai in kama kaina ina murmushi ni kaɗai. Da yamma maƙwabciyata ta zauna a matsayin shugaban kwamiti, tana buga ludayi a tebur, ni kuma ina jawabi. Ba mu taɓa kaiwa ƙarshe ba, dariya ke kwantar da mu. Ta zaɓo mini leshi, ta ɗaura mini ɗankwalin da sai na sunkuya kafin in shiga ƙofa.

Ranar taron, da hantsi a nan, ta rufe shago ta zo. 'Yata ta ɗora kwamfuta a kan kifaffiyar tukunya a kicin, don nan ne sabis ya fi ƙarfi. Da aka kira sunana, na yi gyaran murya, na zuba gaisuwa tiryan-tiryan, ina ganin manyan mutane suna ɗaga mini hannu, na ɗauka jinjina ce. Ashe ba a ji na. 'Yata ta miƙo hannu ta danna wani wuri, tana faɗa mini da Turanci cewa tun ɗazu ni kaɗai nake magana.

Duk abin da na haddace ya gudu. Sai kawai na ba su labarin wani dattijo da ya taɓa karɓar mini ambulan, ya manta da ita a aljihun babbar riga, aka kai rigar wanki, yarjejeniyarmu ta isa hannun yayata a dunƙule kamar ƙwallon fura. Shugaban kwamitin ya cire tabarau yana share hawaye. Da aka natsa, wata lauya a cikinsu ta tambaye ni yadda za a tabbatar yayata ce ta sa hannu a waya, ba wani da ya ɗauki wayarta ba.

Ban taɓa tunanin haka ba.

"Ranki ya daɗe, wallahi ban sani ba," na ce. "Na ɗauka shi ya sa aka tara ku."

Aka sake kwashewa da dariya. Maƙwabciyata, wadda muka yi alkawarin ba za ta yi motsi ba, ta kasa haƙuri, ta turo kanta gaban kwamfutar har ta goce mini ɗankwali. Ta ce ita ma tana da magana: ta yi odar atamfa shuɗiya an kawo mata kore, wa za ta kai ƙara, kuma a wace ƙasa? Na ga suna rubutawa. Da aka kashe bidiyon, muka rungume juna muna tsalle har tukunyar ta faɗi.

An daɗe kafin dokar ta fito, har na cire rai. Da ta fito, lauyan ya ce an amince da sa hannu ta waya, an kuma gindaya sharuɗɗan tantance mai sa hannun. Ya ƙara da cewa mutane da dama ne suka yi magana, ba wanda zai ce maganar wane ce ta yi tasiri. Maƙwabciyata ba ta saurari wannan ɓangaren ba. Duk wanda ya shiga shagonta sai ya ji cewa ni da ita muka gyara dokar ƙasa daga kicin. Aka laƙaba mini Barista, sunan ya bi ni har asibiti.

A wani taron suna a unguwar Jamaica ta nan New York, wata tsohuwa ta ja ni gefe, ta riƙe hannuna gam, ta ce tunda ina da hanya, in taimaka a gyara dokar da ta hana shigowa da kilishi a jirgi. Na buɗe baki zan yi mata bayani cewa wannan dokar ta nan ce ba ta gida ba, sai na ga yadda take kallona.

"To, Inna," na ce. "Zan duba."