Hadarin da Ke Wuce Mu Zuwa Teku

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bayan Bici, ni da maƙwabciyata. Ita ke rubuta wannan, don ni ban san baƙi ba. Kano muka nufa, gidan 'yata, saboda wayarta ce mai nuna fuska, ni kuwa rabona da ganin autana Habu tun kafin rasuwar maigidana Malam. Aikin inji yake yi a jirgin ruwa na dakon kaya. Ko jana'izar mahaifinsa bai samu ba.

Babur ya kai mu bakin titi, muka hau bas. Dama da hagu gero ya kai gwiwa amma ya yi yaushi, don ruwa ya ɗauke. A Bici muka sayi ƙosai, an ƙara masa kuɗi an rage masa jiki.

A gidan 'yata, da Habu ya bayyana a waya sai kuka ya ƙwace mini. Ya rame. Na ce na ji a rediyo guguwar teku tana cinye garuruwa, gara ya roƙi masu jirgin su mai da shi tekun da babu ita.

Ya ce, "Inna, ai tekunan karɓa-karɓa suke yi. Shekarar da tekun da nake ya lafa, na can bayan Amurka ne ke haukacewa, ku ma damina takan yi muku rowa. Hadarin nan da ke taso muku daga gabas, in ya wuce yamma ya faɗa teku, wani shi ke girma ya zama guguwar."

Na ce, "Wato namu ne ke bin ka?"

Ya yi dariya irin ta Malam, har na kau da kai. Bai faɗi ranar dawowa ba.

A hanyar komawa na yi ta juya maganarsa a raina. Gonar da Malam ya bari tana son ruwa, ɗansa kuma yana inda hadarin ke zuwa. Ashe duniya ba ta da faɗin da na zata.

Mun iso mun tarar gari zai fita roƙon ruwa washegari. Na bi sahun tsofaffi har bayan gari. Da liman ya ɗaga hannu na daɗe ban ɗaga nawa ba. Sannan na ce, "Ya Allah, ka kawo shi, ka zubar mana da shi duka a nan, kada ya rage wanda zai kai teku."