Layin Farko da Babu Suna

Ban taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, cikin daminar farko bayan soja sun miƙa wa farar hula mulki, da na hau benen ofishinmu na Fagge ina ganin kwanana a aikin nan ya ƙare. Ku da kuka zo kuka tarar da ni ina duba aikin masu shigar da bayanai, wasunku na zaton da digiri na shigo. Aji uku na sakandare na tsaya. Abin da na iya kawai bugun tafireta ne, a wani shago na Titin Ibrahim Taiwo na koya, da shi aka ɗauke ni gwajin wata uku. Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, ina da goyon 'ya mace, babban kuma yana wajen Innata.

Ofishin ƙarami ne, a saman shagunan atamfa, yana binciken lafiyar mata da yara. Shugabanmu likita ne dattijo, Dakta kawai muke ce masa. Ga yadda aikin yake tafiya. Masu tambaya suna shiga gida-gida a Fagge da Sabon Gari da takardun tambayoyi, kowace mace da lambarta. A shafin farko akwai bayanin matar, har da tambayar 'ya'yanta nawa ne a raye. A shafi na biyu akwai layuka, kowane yaro da nasa: suna, shekaru, da allurar rigakafin da aka yi masa. Ni nake shigar da su a kwamfuta cikin fayil biyu, na iyaye daban, na yara daban.

Mai nazarin alƙaluman shi ne Malam Tajudin, ɗan bautar ƙasa da ya taso a kudu, yake zaune wajen kawunsa a Sabon Gari. Lissafi ya karanta, ya kuma iya. Amma shirin kwamfutar da ake nazarin da shi sabo ne a wurinsa, kullum yana da wani ƙaton littafi buɗe a cinya, yana karantawa yana gwadawa. Shi ya tsara mini allon da nake cikewa, ya sa gurbin suna ya zama dole, in ka bar shi fayau na'ura ta yi ƙara ta ƙi gaba. A makona na farko na nuna masa wata takarda da aka ja ɗan zane a gurbin sunan, na tambaye shi yaya zan yi. Ya ce layin da babu suna ba yaro ba ne, in tsallake. Na riƙe wannan kamar karatun allo, har idona ya daina ganin zanen.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe na gwajina, ya haɗa fayilolin biyu. Ya rubuta wa kwamfutar umarni ta ƙirga yaran kowace mace, ta gwada da adadin da matar ta faɗa. Cikin mata wajen ɗari shida, sama da tamanin suka fito ba su yi daidai ba.

Kwana biyu yana fama. Ya ce ko waƙafi ya manta a umarnin, ya goge ya sake. Ya kashe na'urar ya kunna. Ya zargi ƙwayar cutar kwamfuta, ya sayo sababbin faifai. Ya zargi ɗaukewar wuta. Ya hau acaɓa ya je wurin wani abokinsa da ya fi shi sanin shirin, aka ce masa ya duba ko matan sun haɗa da yaran da suka rasu. Ya dawo ya duba, tambayar masu rai ta ce. Da ya rasa abin kamawa, saura mutum ɗaya: wadda ta buga.

Dakta bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. A hankali ya ce ana jiran rahoton, in ta tabbata kuskuren hannuna ne to dole a kawo wani ya sake shigar da komai daga farko. Bai ƙara ba, ni ma na san gwajina ran Juma'a zai cika. Ranar ko abinci ban iya ci ba, yarinyar ma kamar ta sani, ta yini tana rigima a bayana.

Da safiyar Laraba na roƙi Malam Tajudin ya buga mini jerin matan a takarda. Ya dube ni ya ce, "Madam Zulai, me za ki yi da shi?" Na ce ko laifina ne, ina so in gan shi da idona.

Ban san ilimin alƙaluma ba, amma na san yatsuna. In na yi kuskure, maɓallin da ke maƙwabtaka nake dannawa, wani lokaci lamba ta ƙaru, wani lokaci ta ragu. A wannan jeri kuwa kowace mace yaro ɗaya ne ya ɓace mata. Ba biyu ba, kuma babu wadda aka yi wa ƙari. Na ce masa ko zai iya jera su unguwa-unguwa. Wannan umarnin ya iya shi sosai, har da ɗan murmushinsa. Kusan duk suka taru a Fagge. 'Yan kaɗan da suka faɗo a Sabon Gari, su ma da ganin sunayensu ka ga Hausawa.

Na jawo kwalayen takardu na shiga zaro nasu ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, zane a layin farko, ga shekaru an rubuta, babu suna. Ta biyu haka. Ta goma haka. Sai na zauna a ƙasa ina hamdala.

Muka shiga wajen Dakta tare. Na ce ranka ya daɗe, yaran ba ɓacewa suka yi ba, 'ya'yan fari ne. Malam Tajudin ya ce shi bai gane ba, ta yaya mace tamanin za su manta sunan ɗansu.

Na ce, "Malam, tambaye ni sunan ɗana na fari."

Ya tambaya. Na ja mayafi na rufe baki, na sunkuyar da kai. Ba wasa nake yi ba, wallahi ko da aikin ne zai tafi a kan haka, sunan ba zai fito ba. Da ƙyar na ce, "Na wajen Inna dai."

Dakta ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Can kuma ya shiga juya takardar a hannunsa. Ya ce, "Tajudin, ni ma ɗan fari ne. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kuma ni na sa hannu a kan wannan takarda."

Ya bayyana wa Malam Tajudin kunyar ɗan fari, ya sa aka kira ɗaya daga cikin masu tambayar, Bilki. Ta ce ai ba yadda za ta yi ta matsa wa mace ta faɗi sunan a tsakar gida gaban surukarta, shi ya sa take rubuta shekaru ta ja zane, tana ganin kowa zai gane. Dakta ya ce da an bi shawarar sake bugawa, sabon ma zai tsallake su, a fitar da rahoton rigakafi babu manyan yaran Fagge a ciki, kuma ba wanda zai sani.

Malam Tajudin ya buɗe littafinsa, cikin rabin awa ya cire dolen da ya sa wa gurbin suna. Ya ba ni haƙuri a gaban kowa, abin da ban zata ba. Na yi kwana biyu ina mayar da yaran, kowanne ina rubuta masa “na fari”. Ran Juma'a kafin masallaci ya sake ba da umarnin, ina tsaye a bayansa. Mata uku suka rage. Na duba, ukun nan kam yatsana ne, na ce nawa ne, na gyara. Da yamma Dakta ya miƙo mini takardar tabbatar da ni a aiki.

Shi ya sa kuke ji ina damunku in kwamfuta ta ce lissafi bai daidaita ba. Kafin ku zargi na'ura ko ku zargi mai bugu, ku dubi kamannin kuskuren, sannan ku tashi ku zaro takardar. Gurbin da aka bari fayau, sau da yawa akwai dalilin da ya sa mai amsa ta yi shiru, kuma wanda ya fi kowa ƙanƙanta a ofis yana iya zama shi ya san dalilin. Ni ma da na sake tambaya tun makon farko, da ban kwana da yunwa ba.

Na wajen Innan yanzu magidanci ne, har da 'ya'ya biyu. Ranar sunan ɗansu na fari na ga matarsa tana kawar da kai in an ambaci sunan jaririn, na ce a raina, to ga wani layin farkon nan ya samu.