Masar Zaɓen Turawa

Ku matso, ku aro mini kunnuwanku. Ga ta nan, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gan ta.

Jiya ƙamshin masa ya shigo mini daga makwabta, sai ga ni a tsakar gidanmu na unguwar Yakite, ina yarinya, ruwan farko ya sauka, mangwaro na faɗowa tim a kan kwano. Babanmu mai sayar da atamfa ne a kasuwa. Yana da rediyo, yakan shanya baturanta a rana don su ƙara ƙarfi. Duk shekarar da ƙasar Turawan da suka mulke mu za ta yi zaɓe, sai ya sa a toya masa a cika ƙwarya, a ba ni in raba sadaka har unguwar Miskine, Musulmi da Kirista, kowa ya samu.

Innarmu tana juya masa a tanda tana mita. "Malam, ƙuri'a gare ka a can? Ko sun san da zamanka?"

"Ba su sani ba," in ji shi. "Amma wanda suka zaɓa, shi ke zaɓa mana namu. In ya so soja su zo, in ya so su tafi. Ba ni da ƙuri'a, sai in kai tawa wurin Allah."

Ƙanena ya gaji shagon, ya gaji rediyon, ya gaji yarda da mutanen can. Muka girma, muka yi furfura. Sai fitina ta zo, unguwa ta zama kurkuku, manyan motoci suka riƙa kwasar mutane zuwa Kamaru. Matar ƙanena ta ɗaure kaya, ta samo musu wuri. Na je har ƙofar shago na roƙe shi ya bi su.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Wannan shugaban nasu na bi zaɓensa tun daga farko, mutumin kirki ne. Ya ce sojansa za su tsare mu. Bature ba ya magana biyu."

Na ce, "Kai ka san shi, shi ya san ka?"

Dariya ya yi, ya ce bakin Inna na gada. Ya sa matarsa da yara a mota, shi ya koma shago.

Babanmu da Inna Allah ya rufa musu asiri, sun riga fitinar tafiya, suna kwance kusa da juna. Matar ƙanena tana Garwa-Bulai, can Kamaru, tana sayar da garin rogo, yaran sun zama 'yan can. Ƙanena ya fita wata safiya duba kaya a bakin unguwa, har yau ba mu sami abin da za mu yi wa sallah ba. Ni ga ni nan, ido ya tafi, kunne ya rage. Shi kuwa shugaban, ya gama mulkinsa ya sauka. An ce mini yana nan lafiya, har ya yi ƙiba.