Ƙwayar Gawayin da Mai Aski Ya Kai wa Yayarsa

A layinsu Dokta ake ce masa, alhali aski ne sana'arsa. Shagon nasa kujera ɗaya ce, da madubi mai tsaga a gefe, da fankar da ƙararta ta fi iskarta. Ka kuskura ka yi tari a hannunsa, kafin ya kakkaɓe maka wuya ya lissafo maka magani uku. Mutum ne mai son jama'a, bakin ne dai ba birki.

Yana goye mahaifiyarsu ta rasu, yayarsa ce ta raine shi. Ta daɗe da hawan jini, amma kullum da safe tana shan ƙwayoyinta, tana ɗinkinta lafiya lau.

Wata rana ta yi masa kukan kumburin ciki. Shi kuwa bai jima da gano ƙwayar gawayi ba, baƙar nan ta kantin magani, kuma ta yi masa aiki. Ya kai mata kwalba guda.

"Yaya, ki riƙa haɗawa da na safen nan, don kada ki manta."

"Ba za su yi faɗa ba, Auta?"

"Haba, gawayi ne fa. Wanke ciki kawai yake yi."

Bayan wasu makonni ta yanke jiki ta faɗi a gaban keken ɗinki. Hannu da ƙafar hagu suka shanye.

A asibiti likita ta tambaya ko Yaya tana shan wani abu banda maganinta. Ya fito da kwalbar. Likita ta ce wannan gawayin kamar soso yake a ciki, bai san guba ba, bai san magani ba, duk tsotsewa yake yi ya fice da su. Ba a haɗa shi da wani magani, sai an tambaya, sai kuma da tazarar sa'o'i.

"Wa ya ba ta?" in ji likita.

Kafin ya buɗe baki, Yaya ta ce da harshenta da ya yi nauyi, "Ni na saya."

Likita ta ce ba lallai ne gawayin kaɗai ya jawo ba. Maganar ba ta shiga kunnensa ba.

Yanzu sai rana ta ɗaga yake buɗe shago. Gidanta yake fara zuwa, ya matsa mata hannu, ya yanke mata farce, ya riƙe ta tana koyon taku a tsakar gida. Ya sha ɗauko zancen kwalbar nan, ita kuma ba ta taɓa bari ya kai ƙarshe ba.

"Yaya, ni dai ki yaf..."

"Kai, matsa da kyau mana! Hannu ne, ba kan jariri ba."

Sai ya ƙara ƙarfi, kansa a sunkuye.