Ruwan da Ya Dawo Babu Hadari

Halliru mutumin wani ƙauye ne a gefen Roni, ɗan makiyayan da suka jingine sanda suka kama fartanya. Tun yana yaro yake ƙetarar da shanu a kogin bayan garinsu, har ta kai in damina ta kankama ba mai sa ƙafa a ruwan sai ya tambaye shi. Sai ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya shaƙi iska, ya ce a ƙetare ko a dakata. Bai taɓa kuskure ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Duk iliminsa abu guda ne: ruwa ba ya zuwa sai an yi hadari a wani wuri. In sama ta yi fes, yashin kogi hanya ce.

Yayarsa Dela ce ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Aure ya kai ta Kazaure, ta kama sayar da zannuwa a cikin gida. Da arzikin mai ya cika ƙasa, matan ma'aikata suka fara raina kayan Kano, ita ma ta shiga ayarin masu zuwa Bankok, can ƙasar Tailan, saro yadi. Mijinta ya tsufa, tafiya kuma sai da muharrami. Haka aka yi wa Halliru fasfo, mutumin da ko Kano ba ya zuwa sai da dalili.

Da aka gama saye, dillalinsu ya zuba su a mota ya kai su Fataya, wani garin shaƙatawa a bakin teku, wai su ba ido abinci kafin ranar jirgi. Abin da idon ya samu kuwa Turawa ne kwance a yashi, kusan tsirara, sun shafe jiki da mai. Dela ta ja mayafi har hanci. La'asar ta yi, ga azahar ma ba su yi ba, 'yan ayari kuma sun watse neman abinci.

"Ni dai ba zan yi salla a tsakiyar wannan tsiraicin ba," in ji ta.

Suka bi gaɓa har suka bar hayaniya. Nan Halliru ya ga ruwan ya janye can nesa, ya bar yashi mai danshi, jiragen masunta sun kwanta a gefe ɗaya. Can ciki ga wani baƙin dutse shi kaɗai, irin na Kazaure, babu kowa a kai.

"Ga masallaci can, Yaya."

"Halliru, ka tabbata? Ka san ni da ruwa, ka san gwiwoyin nan."

Ya ɗaga kai kamar yadda ya saba. Ko ɗigon gajimare babu.

"Rani ne a nan. Ba ki ga jiragen sun kwanta ba? Ruwan nan sai wata damina."

Wata tsohuwa mai tsintar ƙumbar teku a yashi ta bi su da ihu tana ɗaga hannu. Halliru ya girgiza mata kai, ba sa saye. Dela ta dafa kafaɗarsa suka yi ta tafiya a hankali, don a rayuwarta ba ta taɓa jin an yi masa musu a kan ruwa ba.

Shi ya fara salla yayin da take hutawa. Ya sallame, ta tayar da tata. Da ya waiwaya baya, sai ya nemi sawunsu ya rasa. Wani siririn ruwa ne yake shigowa shiru, yana shafe yashin. Ya dubi sama. Ya sake dubawa, gabas da yamma, har wuyansa ya yi ciwo. Rana tana nan tana haske abinta. Shi teku kullum yakan janye ya dawo, ba ruwansa da hadari, amma ba wanda ya taɓa gaya masa. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne bai san daga ina ruwan yake zuwa ba, balle ya san inda zai tsaya.

Ita kuwa tana ruku'u, a hankali saboda gwiwa. Tun da aka haife shi bai taɓa yi wa mai salla magana ba, balle yayarsa. Ya tsaya yana kallon takalmanta suna yawo a kan ruwa. Ta sallame azahar, kafin ya buɗe baki ta sake kabbara, ta tayar da la'asar. Wallahi ya so ya fizge ta, hannun ya ƙi.

Da ta idar ta juyo, sai ta ga dutsen kaɗai ya rage.

"Ina hanyar?"

"Ruwa ya dawo, Yaya."

"Ina hadarin?"

"Babu."

Ya tsuguna a gabanta ya ba ta baya.

"Kai! Da girmana?"

"Ke kika goye ni. Hau, don Allah."

Ruwan ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu. Na kogi gefe ɗaya yake ja, ka san yadda za ka karkata. Wannan kuwa ya tura ka gaba, ya dawo ya janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Da ya kai ƙirji Dela ta daina salati da ƙarfi, ta sa baki a kunnensa ta ce ya riƙe mata Saude, autarta. Sai wata igiya ta taho ta bayansu ta kife su. Ya taso da gishiri a ido, bayansa sakayau. Ya nutse yana lalube, ya kama mayafi, mayafin ya biyo shi shi kaɗai. Ya sake nutsewa, Allah Ya ba shi tsintsiyar hannunta.

Masunta ne suka fitar da su, tsohuwar nan ce ta kira su. Suka kwantar da Dela suna danna mata ciki. Halliru yana durƙushe, ba ya iya ko addu'a, har ta yi tari ta amayar da ruwan. Da ya waiwaya, babu dutsen.

Dela ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta. Halliru ya koma gonar gyaɗarsa. In mata suka tsaya a bakin kogi da kaya a ka suka ce, "Malam Halliru, a ƙetare?" sai ya dubi ƙasa ya ce Allah ne masani. Gari ya yi ta yi masa tsiya, wai ya bar iliminsa a jirgin sama.

Wata damina Dela ta zo ƙauye biki. Ya tarye ta a gaɓar can. Ruwan bai wuce idon sawu ba, har awaki na tsallakewa. Ta tattare zani ta dube shi, kamar dā.

"Halliru, mu ƙetare?"

Bai ɗaga kai ya dubi gabas ba. Ya tsuguna a gabanta ya ba ta baya. Haka ya yi ta yi duk zuwanta, har shekarar da ta rasu.